Hoton Yaro: A Gyara Haske, a Bar Fata Yadda Allah Ya Yi Ta

Duk wanda ya saba duba hotunan suna, na Sallah ko na saukar karatu da ake yawo da su a WhatsApp, ya san wata irin fuska da ta zama ruwan dare: fuskar yaro da aka goge da kwamfuta har ta yi sumul kamar tangaran, aka ƙara mata fari har kakarsa sai ta ƙura ido kafin ta shaida shi. Idan aka tambayi mai hoto dalili, amsarsa ɗaya ce: hoton ya fito da duhu, dole a gyara. Gaskiya ne ya fito da duhu. Amma duhun daga hasken da aka ɗauki hoton da shi ya fito, fatar yaron ba ta da laifin komai. Ra'ayina shi ne, uba ko uwa da ke son adana kamannin 'ya'yansu na gaskiya, abin da ya fi cancanta su kashe wa lokaci shi ne koyon sarrafa fitilar walƙiya guda ɗaya a cikin gida. Wannan ya fi sayen sabuwar kyamara amfani, ya kuma fi ta araha nesa ba kusa ba.

Matsalar tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yakan aika wa masu wanke hoto wani kati da za su daidaita launi da shi. A kan katin akwai hoton mace farar fata, kuma da sunan katin Shirley aka san shi. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan al'amari a binciken da ta wallafa a 2009. Ma'anar wannan ita ce an shafe shekaru da dama ana auna kyawun hoto da fata iri ɗaya tak. Kyamarorin yau sun ci gaba ƙwarai, amma tunanin cewa baƙar fata matsala ce da ake warwarewa bayan an ɗauki hoto bai bar zukatan mutane ba. Yaron da ya tashi yana ganin duk hoton da aka yaba masa an sauya masa launi, yana ɗaukar wani darasi game da kansa, ko da babu wanda ya furta masa shi.

Me ke faruwa a zahiri idan haske ya sauka a kan fata mai duhu? Abin da ke zana siffar fuska, wato tudun kumatu, karan hanci da goshi, shi ne sheƙin da fatar ke mayarwa. Wannan sheƙi kuwa hoton fitilar ne da kanta, kamar yadda madubi ke nuna abin da ke gabansa. Ƙaramar fitila, irin wadda ke manne a saman kyamara ko a bayan waya, tana barin ɗigon haske mai zafi a goshi da kan hanci kamar an shafa mai, sauran fuskar kuma ta nutse. Babbar fitila tana shimfiɗa sheƙi mai faɗi da taushi, sai launin fatar ya fito da zurfinsa. Saboda haka ka'ida ta farko ita ce: gwargwadon girman tushen haske da kusancinsa ga fuska, gwargwadon taushinsa. Laimar da masu hoto ke kafawa a gaban fitila ba ta da wani aiki da ya wuce wannan, ta mayar da fitila mai faɗin tafin hannu ta zama mai faɗin mita guda.

Ka'ida ta biyu ta shafi nisa, kuma ita ce ke ba masu ɗaukar hoton yara wahala. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin fitila da mutum, hasken da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. A ce fitila tana mita 1 daga yaro, sai ya ja da baya rabin mita: hasken da ke kansa ya faɗi ƙasa da rabi. Idan kuwa tana mita 3 ya yi wannan motsin, abin da zai rasa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Babba za a ce masa ya tsaya a nan, ya tsaya. Ɗan shekara uku kuwa ba ya san wannan yarjejeniya. Ga shi taushi yana son a matso da fitila, ga shi kuma motsin yaro yana son a nisanta ta. Hanya mafi sauƙi ta sasanta su ita ce a juya fitilar ta fuskanci farin bango, hasken ya daki bangon ya dawo. Nan take bango ya zama fitila mai faɗin ɗaki, yaro ya sami filin yin wasansa. Sai dai a lura da fenti: bango shuɗi ko kore zai zuba launinsa a fuska. Inda bangon ba fari ba ne, farin zanen gado da aka rataya ya wadatar.

Za a iya cewa, a ƙasar da rana ba ta yi mana rowa, me ya kai mu ga batir da laima? Wannan magana tana da ƙarfi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya ɗauki mafi yawan hotunan da duniya ke girmamawa a yau. Kuma babu malamin da ya kai taga koyar da haske: duk mai koyo ya fara da zaunar da mutum a gefenta, ya lura da inda inuwa ke faɗuwa. Amma akwai abin da taga ba za ta iya ba. Haskenta a cikin ɗaki ba shi da ƙarfin da zai tsayar da motsi, yaro kuwa motsi ne aikinsa. Walƙiyar fitila idan aka rage ƙarfinta tana wucewa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sai ta kama dariya ko tsalle ba tare da dishi-dishi ba. Wannan dabara ce Harold Edgerton na cibiyar MIT a Amurka ya inganta a shekarun 1930, har ya ɗauki hoton ɗigon madara yana fantsama. A Bamako ɗin ma, Malick Sidibé da fitilar walƙiya ya riƙa bin samari da 'yan mata wuraren rawa da dare, aikin da ya kai shi ga samun lambar yabo mafi girma ta baje kolin Venice a 2007. Ga kuma dalili na gida: ma'aikaci ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi, kuma ƙaramar fitilar walƙiya da batura huɗu take aiki, ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke.

Kayan farawa ba su da yawa: fitila ɗaya da ake saita ƙarfinta da hannu, sanda mai ƙafa uku, farar laima, da 'yar na'urar da ake ɗorawa a kan kyamara don tayar da fitilar daga nesa. A kafa fitilar a gefe, kamar rabin hanya tsakanin gaban yaron da kafaɗarsa, a ɗaga ta sama da idonsa kaɗan. A ɗaya gefen a jingina farin kwali don ya mayar da ɗan haske cikin inuwa. Saitin gwaji na farko: ISO 200, saurin ɗauka 1/160, buɗewar ido f/5.6, ƙarfin fitila 1/8. Saurin ɗauka kada ya wuce 1/200 ko 1/250, domin yawancin kyamarori a nan iyakarsu take da fitila. In aka wuce, baƙin layi zai yanke hoton. A sauya abu ɗaya a kowane gwaji, a duba abin da ya canja. Shi mai hoto kuma ya durƙusa har kyamara ta yi daidai da idon yaro, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙanƙantar da shi.

Duk wannan gwajin a gama shi da 'yar tsana ko tulu kafin a kira yaro. Haƙurin yaro gajere ne, kuma wanda aka tsare rabin awa ana daka masa tsawa ya tsaya, fuskar da zai bayar ta wanda aka yi wa horo ce. A ɗaure gindin sandar da jakar yashi ko wani abu mai nauyi, domin sanda mai laima da ɗan taɓi take faɗuwa. Kada a harba walƙiya kai tsaye a fuskar jariri daga kusa. Hasken da ya dawo daga bango ya fi masa sauƙi, ya kuma fi kyau.

Akwai abu guda da fitilar walƙiya kan nuna wanda ya wuce zancen ado. Jan ido a hoto ba komai ba ne illa haske da ya dawo daga bayan ƙwayar ido, yakan faru idan fitila tana dab da gilashin kyamara. Amma idan tsakiyar ido ɗaya tana fitowa fari fat a hotuna daban-daban, wannan na iya zama alamar cuta, ciki har da yanar ido da wata irin sankarar ido da ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Irin wannan hoto ba na gyarawa da kwamfuta ba ne. A kai yaron wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba.

Sai batun amana. Hoton da aka ɗauka a gida yana hannun iyaye, su ne ke da ikon wanda zai gani. Ba kowane hoto ne na Facebook ba, kuma yaro ba shi da bakin da zai ce bai yarda ba. A wanke kaɗan daga cikin masu kyau a takarda, a rubuta suna da shekara a bayansu, domin waya tana ɓata, tana lalacewa.

Masu sana'ar hoto ba za su rasa aiki don iyaye sun koyi wannan ba. Uwar da ta san bambancin haske mai taushi da mai zafi, ita ce za ta iya ce wa mai situdiyo ya matso da laimarsa, ya bar fatar ɗanta yadda take. Idan masu cewa haka suka yi yawa, kasuwa za ta bi su. Bayan shekara talatin, yaran nan za su buɗe hotunan ƙuruciyarsu su nuna wa nasu 'ya'yan, kuma haƙƙinsu ne a kanmu su tarar da fuskarsu ta ainihi a ciki.