A Bar Ma'aikaci Ya Gyara Saitin Netwok, Amma Kada A Ba Shi Makullin Admin

Kwanakin baya aka tura ni wani shago in haɗa kyamarorin tsaro. Na'urar da ke naɗar bidiyon tana da nata adireshin IP, don haka sai na sauya na laftof ɗin ofis da hannu kafin su ga juna. Ina buɗe saitin katin netwok, Windows ta nemi kalmar sirrin admin. Na kira mai kula da kwamfutocinmu, wayarsa a kashe. Awa uku na yi a zaune, mai shago yana ta harara ta, a kan abin da kai kanka kake yi a wayarka ta Android cikin minti ɗaya.

Washegari oga ya ce a raba wa kowa kalmar sirrin a huta. Wannan kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Duk mai ikon admin zai iya saka kowace manhaja, ya kashe antibairos, kuma idan ya latsa mugun link, ƙwayar cutar za ta samu irin ikon da yake da shi.

Alhali tun zamanin Windows XP akwai mafita. Wani rukuni ne mai suna Network Configuration Operators. Wanda aka saka a ciki zai iya sauya IP da DNS, ya kunna ko ya kashe katin netwok, amma ba zai iya girka manhajar da ke buƙatar izinin admin ba. Admin zai buɗe lusrmgr.msc, ya shiga Groups, ya ƙara sunan ma'aikacin. Shi kuma ya fita daga akawun ɗinsa ya sake shiga. Daga nan idan Windows ta nemi izini, tasa kalmar sirrin zai rubuta. Sai dai wannan na Windows Pro ne da Enterprise, babu shi a Home.

Masu kula da kwamfutoci za su ce akwai haɗari, kuma suna da gaskiya. Mai ikon sauya DNS zai iya kauce wa shingen da kamfani ya sa wa wasu shafuka. A Janairun 2025 ma Microsoft ta toshe wata ɓaraka da ke ba 'yan wannan rukuni damar ƙwace cikakken iko da kwamfutar.

Shi ya sa ban ce a saka kowa ba. Akawun da ke zaune a tebur ɗaya kullum ba ya buƙata. Amma mai fita haɗa rauta, firinta ko kyamara, a saka shi, a riƙa sabunta Windows, a kuma cire shi ranar da ya bar wannan aikin.

Idan kai ne ke shan irin wahalar da na sha, kada ka roƙi kalmar sirrin admin. Je ka da sunan rukunin nan, ka faɗi dalilinka. Ya fi sauƙin samun amincewa.