Tarkon Kwatance a Jarrabawar Turanci

A jarrabawar JAMB, tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma jami'o'inmu kan buƙaci kiredit a wannan darasi daga WAEC ko NECO. Saboda haka nake ganin ya dace mu tsaya kan wani ɓangare da ke cinye wa ɗalibai maki a banza, wato kwatanta abu da abu.

Bahaushe yana yin kwatance da kalma ɗaya, "fi": Audu ya fi Bala tsawo. Bature kuwa siffar ce yake sauyawa. Gajeruwar siffa tana ɗaukar -er, kamar "taller", doguwa kuma a sa mata "more" a gaba, kamar "more beautiful". Ba a haɗa su biyu. Wanda ya rubuta "more better" ya yi tuya biyu a mai ɗaya, domin "better" ta riga ta ƙunshi ma'anar fifiko, kamar yadda "worse" take ga "bad".

Idan mutum biyu ake kwatantawa, "the taller of the two" ake cewa. "Tallest" sai an kai uku. Kalmomin da Turanci ya aro daga Latin, irin su "senior", "junior", "superior" da "inferior", da "to" suke tafiya: "He is senior to me". Haka ma "prefer".

Inda na fi son mai karatu ya lura shi ne wurin da harshenmu zai taimake shi. Mukan ce, "Mutanen Kano sun fi na Katsina yawa." Wannan "na" ita ce "that of" a Turanci: "The population of Kano is larger than that of Katsina." Wanda ya yar da ita ya kwatanta jama'a da gari, abin da Bahaushe ba zai yi a harshensa ba. Haka nan, "Lagos is larger than any other city in Nigeria": in an cire "other", Legas ta fi kanta girma ke nan.

Shawarata ga ɗalibi ita ce, kafin ya zaɓi amsa, ya tambayi kansa: abu nawa ake kwatantawa, kuma jinsinsu ɗaya ne? Sannan ya nemi tambayoyin shekarun baya ya yi ta gwaji, domin a juri zuwa rafi, wata rana tulu zai dawo da ruwa. Allah Ya ba da sa'a.