Shagonka ƙarami ne, amma idon yaron nan ba ƙarami ba ne

Duk wanda ya san Bankuku ya san dankalin turawa ne ke riƙe da Imanan. Abin da ba a faɗa shi ne su wa ke riƙe da dankalin: mai gyaran injin ban ruwa, mai waldar da ke ɗinke amalanke, maƙerin da ke fitar da haukar noma, mai injin niƙa a bakin kasuwa. A cikin waɗannan rumfuna, daga Bankuku har Filinge, galibin hannuwan da ke aikin na yara ne da samari. Ana ce musu aparanti. Ni kuwa na ce wannan kalma ta zama bargon da ake lulluɓe zalunci da shi.

Ka tsaya gaban mai walda ka duba. Maigida na da gilashin kare fuska guda ɗaya, nasa. Yaron da ke riƙe masa ƙarfe yana sanye da baƙin tabarau na kasuwa, ko kuma ya kau da kai ya runtse ido. Hasken walda yana ƙona fatar ƙwayar ido, zafin kuma ba ya tashi sai bayan sa'o'i. Cikin dare yaro zai farka kamar an zuba masa rairayi a ido, hawaye na zuba. Sai a yanka dankali a ɗora masa, da safe ya koma aiki. A wurin niƙa kuma bel na gudu tsirara, babu murfi, yana jiran hannun riga ko bakin hijabin yarinyar da aka aiko. In ya cafke yatsa, abin da za ka ji shi ne: "Ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba." Haba malam! Ƙaddara ce ta hana ka sa murfin da maƙwabcinka mai walda zai ƙera maka cikin yini ɗaya?

In ka yi magana sai a ce maka doka ta manyan kamfanonin Yamai ce, mu ƙanana ne. Wannan ba gaskiya ba ne. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikaci nauyin kare rai da lafiyar wanda ke masa aiki. Ta hana a sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta. Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30.047 zuwa 42.000, wato jika 42. Ma'aikaci kuma ana yi masa rajista a CNSS, don in ya ji rauni a bakin aiki a samu mai biyan magani da diyya. Yanzu ku gaya mini: saurayin da ya shekara bakwai a shago, shi ke buɗewa shi ke rufewa, shi ke aikin in maigida ya tafi kasuwar Balleyara, har yanzu koyo yake? Ma'aikaci ne, an dai ƙi kiransa da sunan ne don kada a biya shi.

Na san amsar masu shago, kuma ba duka ce ƙarya ba. Ciniki ya ja baya, mai ya yi tsada, matsalar tsaro ta taƙaita zirga-zirga a jihar Tilaberi. Wani maigidan ma shi ke ciyar da yaron, uban yaron ne ya kawo shi da roƙo. Na ji. Amma wanda ya iya sayen injin walda da janareta ba zai ce gilashi na biyu da safar hannu sun fi ƙarfinsa ba.

Hukuma ma ba ta fita ba. Mai karɓar patanti ya san ƙofar kowane shago, bai taɓa ɓata hanya ba. Tambayi masu rumfunan nan yaushe rabonsu da ganin mai binciken aiki, in ma sun san akwai shi. Gwamnatin da ta iya ƙirga shaguna don haraji ta iya ƙirga yaran da ke cikinsu.

Ba rufe shaguna nake nema ba, don in an rufe yaran ne za su fara kwana da yunwa. Abin da nake so daga magajin gari da shugabannin masu sana'a shi ne kada a sabunta wa shago takarda sai an ga murfi a kan bel, an ga gilashi ga duk mai tsayawa kusa da wuta, an ga sunan kowane aparanti da shekarunsa da ranar da zai gama koyo a rubuce. Ku kuma da ke karanta ni a Yamai, da yawanku kuna da ƙane a ɗaya daga cikin rumfunan nan. Ku buga masa waya yau, ku tambaye shi da me yake rufe idonsa.