Hisabin Ayyukan da Ke Maƙalewa a Cikin Manhaja

Daga cikin illolin da kan kama manhajar kwamfuta, babu mai wuyar ganewa kamar wadda ba ta ɓata amsa, ba ta kuma tsayar da aiki, sai dai ta riƙa cin ƙwaƙwalwar na'ura a ɓoye har ranar da sabar za ta durƙushe. Harshen rubuta manhaja na Go, wanda Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson suka ƙago a kamfanin Google, aka kuma bayyana shi ga jama'a a 2009, ya sauƙaƙa wa mai rubutu tayar da ƙananan ayyuka masu gudana lokaci guda, waɗanda ake ce wa gorutin. Kuma da yake kowane ɗaya kimanin kilobait 2 kawai yake bukata a farkonsa, arhar da ta zama falalarsa ita ce ta buɗe ƙofar gafala.

Ga yadda abin kan auku. A tayar da gorutin a aike shi neman wani bayani, wanda ya aike shi ya jira har wa'adi ya cika ya tafi abinsa, shi kuwa ɗan aiken ya dawo da amsa ya tsaya a bakin kafar miƙa saƙo yana jiran mai karɓar da ba zai sake zuwa ba. Sashen da ke share ƙwaƙwalwa ba ya taɓa shi, domin a hukuncinsa mai jira rayayye ne, don haka duk abin da yake riƙe da shi ya zama haramun ga sauran ayyuka. In hakan na faruwa a kan kowace bukata da ta shigo, dubbai za su taru kafin wani ya farga.

Abin da ke damuna shi ne gwajin da muka saba yi shaida ce rabi da rabi, yana tambayar ko amsa ta yi daidai, ba ya tambayar wa aka bari a baya. Domin cike wannan giɓi, kamfanin Uber ya fitar da wani ɗan kayan aiki kyauta mai suna goleak, wanda idan gwaji ya ƙare yakan ƙidaya gorutin ɗin da suka saura, ya ɗan saurara wa masu shirin rufewa, sa'an nan ya kayar da gwajin tare da nuna layin da kowane ya maƙale.

A ganina wannan hisabi wajibi ne a kan duk mai rubuta manhajar da kuɗin mutane ko sirrinsu ke bi ta cikinta, bai kamata a bar shi a matsayin mustahabbi ba. Masu uzuri kan ce yana tuhumar marar laifi idan gwaje-gwaje na gudana tare, kuma gaskiya ne, domin zai iya ɗora wa wani gwaji alhakin gorutin ɗin maƙwabcinsa. Amma maganin wannan sananne ne, wato a jinkirta ƙidayar sai dukkan gwaje-gwajen sun kammala, a yi ta sau ɗaya, a kuma hana karɓar sabon rubutu muddin ta nuna saura.