Jiragen alfarma na ƙaruwa, amma me ke ɗaga su sama?

Ranar ɗaurin auren ɗan wani babba, ko ranar ta'aziyya, filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato kan cika da ƙananan jiragen manya, motoci masu baƙin gilashi na jiran su a bakin ƙofa. Masu harkar sun ce kasuwar jiragen shata za ta ci gaba da bunƙasa a Najeriya, kuma ban musa ba. Damuwata ita ce abin da ke ciyar da bunƙasar. Inda harkar ta kafu, kamar Amurka, kamfani kan ɗauki shata don ya kai ma'aikatansa garin da jirgin fasinja ba ya zuwa. A nan kuwa tsoron hanya ne ke kawo ciniki, sai yawan ɗage tashin jiragen fasinja, sai hidimar siyasa.

Za a ce mai kuɗi da kuɗinsa, kuma matuƙan da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ke yayewa suna samun aiki. Gaskiya ne, sai dai ribar ba ta cika zama gida ba. Da yawa daga cikin jiragen rajistar waje gare su, babban gyaransu ma a waje ake yi da dala. A 2024 sai da ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya kafa kwamiti kan masu jigilar haya da lasisin amfanin kai, hukumar kwastam kuma ta bi sawun waɗanda ba su biya kuɗin fito ba.

Asarar da ta fi damuna ba ta shiga lissafin kowa. Babban da ya daina bin mota ya daina jin ramukan titi a jikinsa. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega ita ce jijiyar cinikinmu, kuma manomin Kebbe da ya ɗora buhunan shinkafa a bayan a-kori-kura, yana duba agogo don kada magariba ta riske shi a daji, ba shi da wata. Masu ikon gyara masa ita ta sama suke wucewa.

Ba hana jiragen nake nema ba. A tilasta musu rajistar gida, a karɓi harajinsu cif, majalisa ta ware wani kaso na kuɗin don gyaran hanyoyin da ke kai mutane filayen jirgi na Sakkwato da Birnin Kebbi.