Kafin Diga Ta Sauka a Zuru

A Zuru, sau da yawa ba a tambayar abin da ke binne a ƙasa sai diga ta fasa bututun ruwa ko ta tsinke wayar sadarwa. Laifin lebura kaɗan ne. Wa ya nuna masa taswira?

A Amurka, tun 2007 mai haƙa kan kira lamba 811, a zo a shata masa layin bututu da fenti. Mu kuwa, a 2024 Shugaba Tinubu ya sanya kayan sadarwa cikin kadarorin da doka ke karewa. Madalla, amma hukunci ba ya ɗinke waya.

Kamata ya yi Hukumar Ruwa ta Jihar Kebbi da kamfanonin sadarwa su ajiye taswirarsu a sakatariyar ƙaramar hukuma, kada ɗan kwangila ya haƙa magudana sai an shata masa.