Garin Sifirulina: Kama Da Wane Ba Ta Wane

'Yan'uwa manoma, akwai wani koren gari da ake talla, sunansa sifirulina. Masu talla sukan ce yana maganin ciwon suga da hawan jini da ramar yara. Kafin magidanci ya kwance bakin aljihu, bari mu duba maganar.

Sifirulina ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Ruwan kogin Haɗeja yana bi ta Gashuwa, ya nufi Tafkin Chadi. To, a hayin tafkin, a ƙasar Kanem, akwai kududdufai masu ruwan kanwa. A nan take fitowa kamar gansakuka. Matan Kanembu suna kwasarta, su shanya a kan yashi, su sa a miya. Suna kiranta dihe. A 1964 wani masanin tsire-tsire ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Daga nan sunanta ya bazu a duniya.

Abinci ce mai kyau, ba mu musa ba. In ta bushe, fiye da rabin nauyinta abin gina jiki ne, tana kuma da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Wani bincike da aka buga a 2006 daga Wagadugu ya nuna yara masu tamowa sun ƙara nauyi da aka haɗa musu ita da kunun gero da waken soya da gyaɗa. Ku lura, ƙari aka yi da ita a kan kunu. Ba a ba su ita kaɗai ba.

Yanzu mu yi lissafi. Babban cokali ɗaya na garin, wato giram 7, yana ba da abin gina jiki kamar giram 4. Ƙwan kaza ɗaya yana ba da giram 6. Ashe wanda ya sayar da wakensa da ƙwansa don ya sayi garin roba ya yi asara.

Ga kuma haɗari. Kada wani ya ga gansakuka ta rufe kududdufi a fadama bayan ambaliya ta janye, ya ce ya sami sifirulina kyauta. Ruwanmu ba na kanwa ba ne. A ruwa irin namu akwai gansakuka mai guba, tana lalata hanta, tana kashe dabbobi. Ido ba ya bambance su, tafasawa kuma ba ta kashe gubar. Ko sifirulina ta gaskiya, in an noma ta a gurɓataccen ruwa, takan zuƙi dalma.

Saboda haka shawararmu ke nan. Wanda yake da hali ya saya, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ya karɓi ƙullin leda marar suna. Mai ciki da mai shayarwa su fara tambayar ma'aikacin lafiya. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganinsa. Yaron da ya rame ko ƙafarsa ta kumbura, a kai shi asibiti yau, ba gobe ba.

Mu kuwa a ƙungiyoyinmu, mu ware wake da gyaɗa na gida kafin mu kai kasuwa. Mu dasa zogale a bayan ɗaki. Masunta su rage wa yara kifi. Abin gina jikin 'ya'yanmu yana nan a fadamar Haɗeja, sai dai mu sa shi a tukunya.